Yadda ake noman tumatir da barkono a jakar yadi da mazubin roba

Duk wanda ya yi niyyar shuka tumatir ko barkono a mazubi, abin da yake fara tambaya shi ne, jakar yadi zai saya ko kuwa roba? Na daɗe ina shuka a cikin duka biyun, kuma kowanne yana ba da amfani mai auki idan an san halinsa. Inda sabon shiga ke samun matsala shi ne ya ɗauke su abu ɗaya, ya zuba musu ƙasa iri ɗaya, ya ba su ruwa lokaci ɗaya, sai shukar jaka ta bushe, ta roba ta ruɓe. Jakar yadi ba ta damuwa idan ka cika mata ruwa, amma ba ta jure mantuwa. Roba za ta haƙura idan ka tsallake yini guda, sai dai mai yawan zuba ruwa yakan kashe shukar da ke cikinta. Saboda haka kafin ka sayi komai, fara duba kanka: sau nawa za ka iya zuwa kan shukar a yini?

Abin da ya bambanta su

Ana yin jakar da wani yadi mai kauri na zaren roba wanda ba a saƙa ba, matse zaren aka yi wuri ɗaya, shi ya sa iska da ruwa ke ratsa shi ta ko'ina. Masu rainon itatuwa a Amurka ne suka fara amfani da irinsa a shekarun 1980, daga baya masu lambu suka ɗauka. Idan saiwa ta kai bangon jakar, bakinta yana haɗuwa da iska ya bushe, ta daina tsawo. Sai shukar ta fitar da sababbin saiwoyi ta bayan wurin, su ma su kai bango su tsaya, wasu su sake fitowa. A ƙarshe ƙasar jakar ta cika da siraran saiwoyi, kuma su ne masu shan ruwa da taki. A roba babu abin da zai tsayar da saiwa, sai ta bi bango tana zagayawa har ta naɗe kanta. Ga shukar da za ta yi wata biyar ko shida, wannan naɗewa ba ta cika yin illa ba muddin mazubin yana da girma.

Sai maganar zafi. Ruwan da ke tsattsafowa ta jikin yadi yana sanyaya ƙasar ciki, kamar yadda randar ƙasa ke sanyaya ruwan sha. Baƙar roba kuwa, gefen da ke fuskantar rana zai iya wuce digiri 45 da tsakar rana, saiwoyin wannan gefen su mutu. Sai dai sanyin jaka da ruwa ake biyansa, kuma kai ne mai ɗebowa.

Kayan aiki

- Jakar yadi ko mazubin roba
- Dashen tumatir ko barkono mai mako 4 zuwa 6
- Takin gargajiya wanda ya ruɓe sarai
- Garin ɓawon kwakwa, ko ƙasar lambu mai laushi
- Buntun shinkafa, ko yashi mai manyan ƙwayoyi, ko farin dutsen nan mara nauyi da ake kira falayit
- Takin zamani NPK 15-15-15 da cokalin awo
- Bulo ko guntayen katako na ɗorawa
- Butar ban ruwa mai kai, wadda ruwanta ke fita kamar yayyafi
- Busasshiyar ciyawa ko ganye na rufe saman ƙasa
- Sanduna masu tsawon mita ɗaya da rabi, da igiya mai laushi
- Ƙusa mai kauri ko injin huji, idan roba za ka yi amfani da ita

Wanda bai sami jakar yadi ba, buhun leda saƙaƙƙe zai yi masa aiki: a naɗe bakinsa ya dawo tsawon santimita 35 zuwa 40, a huda gindin. Bai kai yadi shigar da iska ba, kuma rana tana cinye shi cikin noma ɗaya, amma yana fitar da shuka. Buhun algarara ya fi shi iska, sai dai gindinsa yana ruɓewa da wuri, don haka inda ka ajiye shi, nan zai zauna har girbi.

1. Zaɓi mazubi da girmansa

Idan za ka iya ban ruwa safe da yamma lokacin zafi, ko inda kake ruwan sama yana yin yawa, ɗauki jaka. Idan ruwa yana maka wuya, ko aiki yana raba ka da gida yini guda cur, ko wurin yana da iska mai busar da abu, roba ta fi maka kwanciyar hankali. Wanda bai tabbata ba ya shuka rabi a nan rabi a can, noma ɗaya ya ishe shi ya gane wadda ta dace da hannunsa.

Tumatir gajere, wanda ke daina miƙewa da kansa idan ya kai wani tsawo, yana buƙatar lita 20. Dogon da ke ci gaba da miƙewa yana so lita 30 zuwa 40. Barkono, attaruhu da tattasai suna yi a lita 12 zuwa 20. Jakunkuna da yawa da galan ake rubuta girmansu, kuma galan ɗin Amurka kusan lita 3.8 ne, wato galan 5 lita 19 ke nan, galan 7 kusan lita 26, galan 10 lita 38. Shawarata a kan jaka ita ce ka ƙara girma mataki ɗaya a kan abin da za ka ɗauka na roba. Ƙaramar jaka ita ce mafi wahalar kulawa a duk cikin mazubai, domin bangonta ya yi yawa a kan ƙasar da ke ciki, kafin azahar ta bushe.

Shuka ɗaya a mazubi ɗaya. Na san zuciya ba ta son zubar da dashe mai kyau, amma biyu a lita 20 ba sa ba da abin da ɗaya za ta bayar.

2. Shirya mazubin

Jaka ba ta buƙatar komai sai a buɗe ta a daidaita gindinta. Roba ce mai aiki. Idan tsohon bokiti ne, ka san abin da ya taɓa zama a ciki. Wanda aka zuba maganin ƙwari, baƙin mai ko fenti, bar shi, wanki ba ya fitar da su. Duba gindin, idan ka ga lamba 2 ko 5 a cikin ƴar alamar nan mai kusurwa uku, irin robar da aka saba zuba abinci a ciki ce.

Huda gindin wuri 6 zuwa 8, kowane huji ya kai faɗin fensir. Ƙara guda huɗu a gefe, santimita biyu daga ƙasa, don ko gindin ya toshe ruwa ya sami hanya. Idan robar baƙa ce, shafa mata farin fenti ta waje, ko ka naɗe ta da farin buhu, ko ka saka ta cikin wani mazubin da ya fi ta girma, iskar da ke tsakaninsu ta tare zafi.

Kada ka zuba tsakuwa a gindi. Mutane da yawa suna yi da nufin ruwa ya wuce, amma akasin haka ke faruwa. Ruwa ba ya barin ƙasa mai laushi ya shiga tsakuwa sai ƙasar ta jiƙe sharkaf, don haka jiƙaƙƙen ɓangaren yana matsowa sama kusa da saiwa, ga shi kuma ka rage wa shukar wuri. Idan tsoron zubewar ƙasa kake yi, ɗan guntun gidan sauro a kan hujin ya isa.

3. Haɗa ƙasa

Ƙasar lambu zalla ba ta yi a mazubi. A fili tsutsotsi da tsofaffin saiwoyi suna buɗe mata hanyoyin iska, a mazubi kuwa ban ruwan yau da gobe yana danne ta har ta dunƙule. Dole a haɗa ta da abin da zai riƙe ruwa da abin da zai bar iska ta shiga, kuma a nan ne haɗin jaka ya bambanta da na roba.

Na jaka: taki awo 4, garin ɓawon kwakwa awo 4, buntu ko falayit awo 2. Jaka tana samun iska ta bango, abin da take nema shi ne riƙon danshi.

Na roba: taki awo 3, garin ɓawon kwakwa awo 4, buntu ko falayit awo 3. Roba ba ta da hanyar iska sai sama da huji, don haka iskar dole ta kasance a cikin haɗin.

Idan babu ɓawon kwakwa, ƙasar lambu za ta maye gurbinsa, amma kada ta wuce kashi ɗaya cikin uku a jaka, ko ɗaya cikin huɗu a roba, sauran a cike da taki da buntu. Ka guji ƙasar da aka noma tumatir, barkono, yalo ko dankalin turawa a cikinta kwanan nan, domin ƴan gida ɗaya ne, cututtukansu ma ɗaya ne. In ba ka da wata, jiƙa ta, shimfiɗa ta da kauri kamar santimita 10, rufe ta da farar leda mai nuna ciki, ka bar ta a rana mako 4 zuwa 6 a lokacin zafi.

Ga kurakuran da aka fi yi a nan. Ɗanyen kashin kaji ko na dabbobi yana ƙone saiwa, takin da ya nuna baƙi ne, ba ya ɗumi, ba ya warin fitsari. Ɗanyen garin katako yana janye sinadarin naitrojin daga ƙasa yayin da yake ruɓewa, ganye ya koma rawaya. Yashi mai laushi yana cike ƙofofin iska maimakon ya buɗe su. Ɓawon kwakwa kuma wani yana zuwa da gishiri, sai a jiƙa shi a tsiyaye ruwan sau biyu kafin a haɗa.

Yayyafa ruwa kana juyawa, sannan ka damƙi haɗin ka matse. Idan ya dunƙule, ka taɓa shi da yatsa ya wargaje, ya yi. Idan ruwa ya zubo ta tsakanin yatsunka, ko dunƙulen ya ƙi wargajewa, ƙara buntu.

4. Ajiye mazubin a mazauninsa, sannan ka cika

Nemi wurin da rana ke samu awa 6 zuwa 8. Inda zafi ya yi tsanani, ranar safe da inuwar la'asar ta fi. Ɗora mazubin a kan bulo biyu ko katako. Roba tana buƙatar haka don hujinta ya buɗe. Jaka kuwa idan ta zauna a kan ƙasa, saiwa za ta ratsa gindin ta shiga ƙasar, kuma ta nan ƙananan tsutsotsin da ke kumbura saiwa suke samun shiga.

Cika a wurin, kada ka cika sannan ka ja. Hannayen jaka sukan tsinke da nauyin jiƙaƙƙiyar ƙasa, kuma lanƙwashewar jakar yayin ja tana tsinka saiwoyi. Wajen cika jaka, tura ƙasa da hannu zuwa kusurwoyin gindi don ta tsaya sosai babu lanƙwasa. Bar santimita 4 zuwa 5 a sama. Kada ka danna da ƙarfi, jijjigawa ta isa.

5. Dashe

Dashen da ya taso a inuwa, saba masa da rana na mako guda kafin a dasa, ana ƙara masa awanni kullum. Yi dashe da yamma. Tumatir ana binne shi da zurfi: cire ganyen ƙasa, ka binne kara har kusa da ganyen da suka rage, domin karan yana fitar da saiwa a duk inda ƙasa ta rufe shi. Barkono ba haka ba ne, a daidai zurfin da yake a da za ka sa shi. Ba shi ruwa a hankali har ya fito ta gindi, sannan ka rufe saman da busasshiyar ciyawa mai kaurin santimita 3 zuwa 5, kada ta taɓa karan. A jaka wannan rufin wajibi ne.

6. Ban ruwa

Kada ka bi agogo, bi ƙasar. Tura yatsa zuwa gaɓa ta biyu. A jaka, da zarar ka ji babu danshi a nan, ba da ruwa. A roba, ƙara da ɗaga gefen mazubin ka ji nauyinsa, domin samanta kan bushe alhali gindin na jiƙe. Ɗaga ta bayan ka gama ban ruwa, ka sake ɗagawa washegari, cikin ƴan kwanaki hannunka zai san nauyin cika da nauyin ƙishi.

Makonni biyun farko a roba su ne mafi haɗari. Shukar ƙarama ce, ba ta shan ruwa mai yawa, ƙasar kuma mai yawa ce. Mai ba ta ruwa kullum a wannan lokacin yana toshe wa saiwa iska. Sau da yawa bayan kwana biyu ko uku ya isa. Idan ta girma ta fara ƴaƴa, tumatir a lita 20 zai iya shan lita 2 zuwa 4 a ranar zafi, a nan roba ma sai kullum, jaka kuma safe da yamma.

Jaka tana da wani hali da ke ruɗin mutane. Idan ka kwarara ruwa da sauri, zai bi ta gefe ya fita ta jikin yadin, ka ga ƙasa ta jiƙe ka ɗauka shukar ta ƙoshi, alhali tsakiyar a bushe take. Zuba rabin ruwan a hankali a tsakiya, jira minti biyar zuwa goma, sannan ka zuba sauran kana zagayawa. Idan jakar ta bushe ƙarƙaf har ƙasar ta janye daga bango, ruwan da ka zuba ta sama ba zai shige ta ba. Zaunar da ita a cikin baho mai ruwa santimita 5 na rabin awa, ta sha ta ƙasa.

Akwai dabarun rage wahalar jaka a lokacin zafi. Jera su kusa da juna su kare wa juna iska, amma ganyensu kada ya cakuɗe. Sa faranti a ƙarƙashi da ruwa kaɗan wanda za ta shanye cikin awa guda. Ko ka huda murfin gorar ruwa da allura, ka yanke gindinta, ka kifa ta a ƙasar tana ɗiga. Faranti a ƙarƙashin roba kuwa, zubar da ruwansa bayan rabin awa, in ba haka ba saiwa ta ruɓe, sauro kuma ya sami wurin ƙyanƙyasa. Da damina cire farantin gaba ɗaya.

Idan sau ɗaya ne a yini, ba da ruwa da safe, kuma ko yaushe a gindin shuka. Jiƙa ganye da yamma yana jawo cututtukan ganye.

7. Taki

Mako biyun farko takin da ke cikin haɗin ya isa. Daga nan, roba mai lita 20 tana ɗaukar babban cokali ɗaya na NPK, kimanin giram 15, bayan kowane mako uku. Jaka rabin haka, bayan kowane kwana goma, domin yawan ban ruwa yana wanke takin. Barbaɗa shi ta gefen mazubi nesa da kara, a kan ƙasa mai danshi, ka bi da ruwa. Taki a busasshiyar ƙasa yana ƙone saiwa.

Da fure ya fito, kada ka sa yuriya. Za ta ba ka ganye shar da kara mai kauri, ƴaƴa kaɗan. Abin da shukar ke nema a lokacin shi ne fotashiyam. Idan babu takin da fotashiyam ya fi yawa a cikinsa, cokali ɗaya na tokar itace a wata yana taimakawa, amma kada ka wuce haka, domin toka tana rage tsamin ƙasa, kuma tumatir ya fi son ƙasa mai ɗan tsami, tsakanin 6.0 da 6.8 a ma'aunin pH. Wanda ba ya son takin zamani ya jiƙa ruɓaɓɓen taki a ruwa kwana biyu, ya tace, ya surka har ya yi launin shayi mara ƙarfi, ya riƙa bayarwa mako-mako.

Farin abin da ke fitowa a jikin jaka gishirin taki ne da na ruwa. Sau ɗaya a wata, zuba ruwa zalla mai yawa ya wanke ƙasar. Roba ma tana tara shi, ba a dai gani.

8. Tokara

Kafa sanda tun ranar dashe, kafin saiwa ta bazu. A roba sandar tana tsayawa a ciki. A jaka ba ta da abin jingina, idan ƴaƴa suka yi nauyi sai ta kwanta da shukar. Kafa ta a waje, ko ka haɗa sanduna uku kewaye da jakar ka ɗaure kansu. Ɗaura kara sako-sako. Dogon tumatir kuma a riƙa tsinke tohon da ke fitowa tsakanin kara da ganye tun yana ƙarami.

9. Karanta alamun shuka

Yaushi da tsakar rana wanda ke warwarewa da yamma ba lallai ƙishi ba ne, duba ƙasa kafin ka ɗauko buta. Yaushi tun da safe da mazubi mara nauyi, ƙishi ne. Yaushi da mazubi mai nauyi, ganyen ƙasa rawaya, ƙasa na warin tsami, ƙananan baƙaƙen ƙudaje na tashi, ruwa ne ya yi yawa, kuma a roba aka fi ganinsa. Dakata da ruwa, duba huji, ɗage ciyawar saman ta sha iska.

Baƙin tabo mai lotsawa a gindin tumatir ko tattasai ya fi addabar masu jaka. Ƙarancin sinadarin kalsiyam ne a cikin ɗan, amma yawanci sinadarin yana nan a ƙasa. Cikin ruwa yake tafiya, don haka idan ƙasa tana bushewa tana jiƙewa, ba ya isa ga ƴaƴan a lokacin da suke girma. Daidaita ban ruwa, cire waɗanda suka kamu, na baya za su fito lafiya. Fashewar tumatir ma daga nan take, ruwa mai yawa bayan ƙishi.

Fure yana zubewa idan zafin rana ya wuce digiri 32 zuwa 35, sai a yi masa rumfa mara duhu da rana. Koren gansakuka a jikin jaka ba ya cutar da komai.

Wanda ya fi muni shi ne shuka ta yi yaushi gaba ɗaya farat ɗaya, ganyenta kore, ƙasa da danshi, ta ƙi farfaɗowa. Yanke karan kusa da ƙasa, ka rataya bakin yankan a cikin kofin gilashi mai ruwa. Idan cikin ƴan mintuna ka ga wani farin zare kamar madara yana sauka, cutar yaushi ce ta ƙwayoyin bakteriya, ba ta da magani. Cire shukar, zubar da ƙasar nesa da sauran, wanke wuƙar da hannunka kafin ka taɓa wata.

10. Bayan girbi

Roba kifewa ake yi, ƙasar ta fito a dunƙule. Jaka ba ta saki da sauƙi saboda saiwoyi sun kama yadin. Bar ta ta bushe, sannan ka naɗo bangon ƙasa a hankali kana ɓamɓarewa. Duba saiwar da kyau. Fara mai yawa alamar lafiya ce, mai launin ƙasa da laushi ruwa ne ya yi mata yawa, mai ƙulle-ƙulle tsutsa ce ta shige ta, wannan ƙasar ba a sake amfani da ita. Idan a roba ka tarar saiwa ta naɗe gindi da kauri, noma na gaba ƙara girman mazubi.

Wanke roba da sabulu, jiƙa ta minti goma a ruwan bilic, awo ɗaya cikin ruwa awo tara, sannan ka ɗauraye. Jaka a karkaɗe ta, a goge busassun saiwoyi da buroshi, a wanke da sabulu mara ƙarfi, a shanya ta bushe sarai kafin a ninke, domin mai danshi tana yin fumfuna. Ajiye duka biyun a inuwa. Ƙasar da shukarta ta ƙare lafiya kuwa, tsince tsofaffin saiwoyi, ƙara sabon taki kashi ɗaya cikin uku, ka shuka wani abin da ba dangin tumatir ba a cikinta, kamar latas ko wake, kafin ka mayar da ita ga tumatir ko barkono.